Kiɗa bayan an girma: yadda za ku haɗa rukunin koyo a Maradi

Mutumin da ya haura shekara 30 a Maradi, yana da iyali da sana'a, in ya ce zai fara koyon kiɗa, tambayar farko da zai sha ita ce: gidanku makaɗa ne? Tambayar tana da tushe. A ƙasar Hausa kiɗa gado ne, kuma kowane kiɗa da mutanensa: kalangu na mahauta, dundufa ta maƙera, garaya ta mafarauta, kotso da taushi na fada. Wanda bai gada ba, in ya saɓa ganga da furfura a gemu, sai a fara raɗe-raɗin ko kasuwa ce ta juya masa baya ya koma roƙo.

Duk da haka muna da yawa, malaman lakwal, teloli, ma'aikatan likita, 'yan kasuwa, waɗanda yatsunsu ke motsi da kansu in an buga ganga a filin kokawa. Wani ya sayi gita tun yana ɗalibi, ga ta can rataye a ɗaki ta sha ƙura. Abin da ya kashe ta zaman kaɗaici ne. Kiɗanmu ba a gina shi don mutum ɗaya ba: akwai mai ja, akwai masu amshi, akwai ƙaramar ganga da ba ta fasa bugu ɗaya tun daga farko har ƙarshe. Wanda ke koyo shi kaɗai a ɗaki ya koyi rabi ne, rabin da ya rage yana hannun mutane.

Maganar shekaru kuwa, a ajiye ta. Malam Maman Barka, wanda ya rasu a 2018, malamin makaranta ne da ya yi suna da gurmi, amma a 2002, yana da shekara sama da 40, ya tafi yankin tafkin Chadi ya durƙusa gaban Bukar Tar ya koyi biram, kayan kiɗan Buduma mai tsirkiya biyar. In gwani ya koma ɗalibi a wannan shekarun, mu da ba mu san komai ba me za mu ji wa kunya?

Fara da mutane, kaya su biyo baya

Ku nemi mutum biyar zuwa takwas. In ba ku kai biyar ba, ranar da biyu suka tafi suna ko jana'iza zama ya watse. In kun wuce takwas, malami ba zai ji hannun kowa ba, masu kunya kuma za su ɓuya a bayan ƙarar wasu har wata shida ba su koyi komai ba. Ba sai kun tafi nesa ba: fadar da kuke shan shayi, abokan aiki, maƙwabcin da kuke jin yana rera waƙa in yana wanke babur.

Kada ku zaɓi mutum don ya iya. Ku zaɓe shi don yana zuwa inda ya ce zai zo. Gwanin da ke leƙowa sau ɗaya a wata ya fi cutar da rukuni a kan ɗan koyon da bai taɓa fashi ba, domin ranar da gwanin ya zo sai kowa ya saki nasa ya koma kallo.

A zaman farko, tun ba a taɓa ko makaɗi ba, ku zauna ku yanke magana uku. Ta farko: don me muke yi? In don nishaɗi da koyo ne, a faɗa a fili, a kuma yarda cewa ba za a je biki a yi roƙo ba. Wannan yana kwantar da hankalin iyalanku, yana kuma kwantar da hankalin makaɗan gado, waɗanda abincinsu ke nan. Ta biyu: wace irin waƙa ce ba za mu yi ba? Maradi garin malamai ne, kuma cikinku ma ra'ayi zai bambanta. Zambo, habaici da batsa a rufe ƙofarsu tun ranar. Ta uku: maza da mata tare, ko kowa da rukuninsa? A nan garin na ga rukunin mata zalla ya fi daɗewa in a cikin gida suke haɗuwa, da kiɗan ƙwarya da shantu da tafi, kayan da iyayenmu mata suka saba da su tun fil azal. Wadda ke da aure ta sanar da maigida da bakinta, kada ya ji a bakin wani.

Wuri

Ɗakin da ke da ƙofa, da inda za a kulle kaya, da maƙwabtan da aka gaisa da su. Ku fara tambaya a gidan raya al'adu na Bawa Ɗan Wardanga, domin don irin wannan aka gina gidajen matasa da al'adu a manyan garuruwan Nijar. Ku je da takarda rubutacciya: su wane ne ku, ku nawa, wace rana, daga ƙarfe nawa zuwa nawa. In can bai samu ba, ajin lakwal ranar Asabar da yamma ya wadatar, da izinin darakta. Zauren gida ma yana yi, amma a tsofaffin unguwanni irin su Bagalam, Limanci da 'Yandaka, inda katanga ke jingine da katanga, ƙarar kalangu tana ratsa gida huɗu. A Ali Ɗan Sofo ko Zariya an fi samun sarari.

Ko ina kuka samu, ku je ku gaida mai unguwa, ku kuma dubi tazarar da ke tsakaninku da masallaci. Mu mun taɓa yin wannan kuskuren. Mun samu ɗaki mai kyau, ba mu gaida kowa ba, mako na uku wani dattijo ya tsaya bakin ƙofa da carbi a hannu, bai ce uffan ba, kallo kawai. Washegari mai ɗakin ya aiko a ba shi makullinsa. Da mun kai goro tun farko, da wataƙila muna can har yau.

Lokaci kuma a tsayar da shi kamar ranar kasuwa. Litinin da Juma'a ranakun babbar kasuwa ne, 'yan kasuwarku ba za su samu sukuni ba. Asabar ko Lahadi tsakanin La'asar da Magariba ya fi dacewa da yawancin mutane, kuma da an kira salla a ajiye kaya, ko da ana tsakiyar waƙa. Da azumi a tafi hutu. Da damina, masu gona a Jiratawa ko hanyar Tsibiri za su riƙa fashi, sai a rage zama zuwa sau biyu a wata maimakon a bar shi ya mutu.

Malami

Nan ne wurin da ya kamata ku ɓata lokaci, don shi ne ginshiƙin abin. Cibiyar koyar da kiɗa ta ƙasa, wadda ke ɗauke da sunan Alhaji Taya, a Yamai take tun 1989, kuma mai iyali a Maradi ba zai bar shago ya tafi can ba. To makarantarku ita ce ku da malamin da kuka ɗauko.

Malamai iri biyu ne. Akwai makaɗin gado, wanda ya tashi ya ga kalangu a ɗakin ubansa. Hannunsa ba shi da na biyu, amma sau da yawa bai taɓa koyar da baligi ba. Ɗansa ya koya ne ta hanyar ɗaukar ƙaramar ganga yana bin sa biki biki shekara da shekaru, ba wanda ya taɓa tsayawa ya ce masa ga ɗaya ga biyu. Akwai kuma ɗan orkestira, mai gita ko piyano, wanda ya san do re mi, ya iya rarraba abu daki-daki, amma wani lokaci kiɗan gargajiya a kunnensa kawai yake, bai sauka hannunsa ba. In aljihu zai ɗauka, ku haɗa su biyun: na zamani kowane mako, na gado sau ɗaya ko biyu a wata. In ɗaya kawai za ku iya, ni dai na gado zan ɗauka, sannan mafi haƙuri a cikinku ya zama mai yi masa tambaya.

Ba a aika wa irin wannan mutum saƙon salula. A je gidansa mutum biyu, da goro, a gaisa a natse. A ce: "Baba, mun zo neman ilimi ne. Ba sana'arku muke so mu karɓa ba, so muke mu san abin da kunnenmu ke ji tun muna yara." Zai yi dariya, wataƙila ya ce ku dawo jibi don ya ga ko da gaske kuke. Ku dawo. Sannan a yi maganar kuɗi ƙarara: nawa a kowane zama, da kuɗin kabu-kabu, kuma ranar da ya samu biki ya sanar da wuri. Kada ku bar shi a kan "abin da Allah ya hore". Wannan kalmar ta raba malamai da ɗalibai da yawa, ba tare da an yi faɗa ba, sai dai a ga mutum ya daina zuwa.

Kafin ku ƙulla, ku yi zaman gwaji ɗaya, ku lura da abu guda: in ɗalibi ya kuskure sau uku, me malamin ke yi? In ya karɓe gangar ya shiga nuna bajinta minti goma, makaɗi ne, ba malami ba. In ya rage gudu, ya kama hannun mutum ya aza masa a inda ya dace, ku riƙe shi da kyau. Ku ma da sauke girman kai. Kai darakta ne a ofis, kai Alhaji ne a kasuwa, amma a kan tabarmar nan yaro ne kai, ko da malamin ƙanenka ne a shekaru.

Asusu

Ba sai mun aro dabara daga waje ba. Tsarin Mata Masu Dubara a jihar Maradi ya fara a 1991, da tallafin ƙungiyar CARE, kafin ya bazu ƙasashe da dama: zubi kowane mako, akwati mai kwaɗo, tara ga wanda ya makara, lissafi a gaban kowa. Ku kwafe shi yadda yake. Ku tsayar da zubin da mafi ƙarancin samu a cikinku zai iya, ko dala ɗari ce a mako. Mutum takwas a dala ɗari ɗari jaka huɗu ke nan a mako, jaka 16 a wata. Mai riƙe kuɗi daban, mai rubutu a kaye daban. Wanda bai zo ba ma zai zuba, don malami ya zo.

Alhajin da ya ce shi zai ɗauki nauyin komai, a yi masa godiya, a karɓi kyautar ganga in ya bayar, amma zubi kowa ya yi nasa. Rukunin da mutum ɗaya ke ciyarwa, waƙar da yake so ita za a yi ta yi.

Kaya

Wata na farko kusan ba ku buƙatar sayen komai: tafin hannu, ƙwarya biyu da aka kife, da caki. Bayan nan sai kalangu ɗaya ko biyu da ƙaramar ganga, kuma malami ne zai zaɓo, don shi ya san icen da bai tsage ba da fatar da ba ta gaji ba. Mai gita ya sake tsirkiyoyi shida gaba ɗaya, ya sa manhajar saita sauti a salula, ya saba da jerinsu: mi, la, re, sol, si, mi. Lasifika da makirfo ku manta da su tukuna. Suna cin kuɗi, suna jawo ƙorafin maƙwabta, in wuta ta ɗauke kuma zama ya tsaya. Mafi muni, suna hana mutum jin na kusa da shi.

Yanayin garin nan yana wasa da kaya. Da hunturu fata tana bushewa ta ɗaure, muryar ganga ta hau, ƙwaryar gurmi ko ta goge tana iya tsagewa in an bar ta a iska. Da damina fata tana saki, sai an ɗan shanya ganga a rana kafin ta yi magana. Zafin watan Afrilu da Mayu, da ke wuce digiri 40, yana lanƙwasa wuyan gita in an bar ta a ɗakin kwano ko cikin mota. A saka kowane abu a jakar tsumma, a rataye, kada a ajiye a ƙasa saboda gara da ɓera.

Abu biyu ku nisanta. Tambari da kakaki kayan sarauta ne, na fadar Sarkin Katsinan Maradi da ta Sarkin Gobir a Tsibiri da makamantansu, ba na wasan yamma ba. Sannan in kun ɗauki goge ko garaya, ku gaya wa malami tun farko ba ku son taken bori. A ƙasar nan akwai waɗanda in sun ji wani take jikinsu ke amsawa, kuma ba ku da abin da za ku yi in hakan ta faru a zaurenku.

Yadda zama ɗaya ke tafiya

Awa ɗaya da rabi ta isa. Minti goma na farko na saiti ne. Doka a nan ita ce abin da ba ya sauya murya da sauƙi shi ake bi. Sarewa ramukanta a huje suke, ba ta matsawa. Muryar mai waƙa ma tana da iyaka. Piyano kuwa yana da maɓallin ɗaga sauti ko sauke shi, gita tana da maɗaurin wuya. Saboda haka mai waƙa ya rera layi ɗaya inda maƙogwaronsa ya sake, sauran su nemo shi. Yawancin waƙoƙinmu a kan sauti biyar suke tafiya, ba bakwai ba, don haka mai piyano ya rage yatsu. In ya cika kiɗan da haɗe-haɗen da ya koya a waƙoƙin Turawa, sai waƙar ta fita daga kamanninta.

Sai minti 15 na tafi, kowa da kowa, har mai gita. A tsaya a da'ira, ƙafa tana taka bugu ɗaya madaidaici. Rabin mutane su tafa sau biyu a cikin zagaye ɗaya, rabi su tafa sau uku a cikin wannan zagayen, sannan a yi musanya. Ranar farko za a yi ta dariya, don kowa zai zame ya bi na kusa da shi. Wannan zamewar ita ce cutar da kuka zo magani. Ranar da ka iya riƙe naka alhali kunnenka na jin na wani, ka shiga kiɗa.

Daga nan a ɗora waƙa hawa hawa, kamar ginin tubali. Caki ko ƙaramar ganga ta fara ita kaɗai, ta yi zagaye takwas ba canji. Ƙwarya ko babbar ganga ta shigo. Sai gurmi ko gita da ɗan gajeren salo mai maimaituwa. Sai 'yan amshi. Kalangu mai magana da mai jan waƙa su ne na ƙarshe. In abu ya rushe, kada a koma farko gaba ɗaya, a cire hawa na sama kawai a bar na ƙasa yana tafiya, wanda ya faɗi ya jira zagaye ya dawo ya sake hawa. A gaban jama'a ma haka za ku yi, gara ku saba tun yanzu.

Kowa zai so kalangu, ba mai son caki. Amma mai caki shi ne agogon rukuni, kuma a gidan makaɗa da ƙaramar ganga kowane yaro ke farawa. Ku riƙa juyawa, kowa ya yi wata guda a kanta, har da wanda ya fi kowa baki.

Abin da malamin gado zai ba ku wanda ba ya cikin kowane littafi shi ne faɗin kiɗa da baki kafin a buga. Kalangu yana bin karin harshen Hausa ne: ka matse tsirkiyoyi a hammata murya ta hau, ka saki ta sauka. Ku roƙe shi ya faɗi maganar da gangar ke yi, ku maimaita da baki har ta zauna, sannan hannu ya bi. Haka ma in kun ƙirƙiri waƙarku, ku tabbata karin waƙar bai karya karin kalma ba, in ba haka ba sai a ji kuna cewa wani abu daban. Kowa ya san tazarar da ke tsakanin kuka na hawaye da kuka ta miya.

Cuta ta biyu ita ce gudu. 'Yan koyo in sun ji daɗi sai su yi ta ƙara sauri ba su sani ba. A ɗauki minti biyar na ƙarshe da salula, a saurara tare, a kwatanta farkon waƙar da ƙarshenta. Kunya za ta kama kowa, amma gardama ta ƙare. A tura wannan ɗaukar a zauren WhatsApp na rukuni, tare da muryar malami yana buga rabon kowa a hankali, don a bita a gida minti goma kullum. Zauren nan na kiɗa ne kawai. Siyasa da tallan atamfa a kai su wani wuri. Kuma kada wanda ya fitar da bidiyon wani waje sai da yardarsa, musamman na mata.

Gyara kuma bakin malami ne kaɗai. In ɗalibai suka fara gyara wa juna, mai shekara 50 ba zai jure wa ɗan 25 yana ce masa "ba haka ba ne" a gaban mutane ba, mako mai zuwa sai ka ji wai yana da baƙi.

Fita gaban jama'a

Waƙa uku da aka iya sosai sun isa, kuma wata huɗu zuwa shida ba su yi yawa ba kafin a kai nan. Ku sa rana tun da wuri, don rukunin da ba shi da ranar da yake jira yakan yi sanyi. Fitar farko ta zama ta gida: iyalai, maƙwabtan da suka yi haƙuri da ƙararku, mai unguwa, da lemu da ƙosai. Ta biyu tana iya zama bikin rufe shekarar lakwal, ko ranar kiɗa ta 21 ga Yuni, wadda aka faro a Faransa a 1982. Gasar Ɗan Gurmu, da aka ƙirƙiro a 1987, ta masu sana'ar ce, ku dai ku je kallo in ta samu.

Ranar fita, malami ya zauna a tsakiyarku da gangarsa, a kuma gabatar da shi da sunansa da na gidansu kafin a ambaci kowa. Kada ku buga taken wani basarake ko na wani ɗan kokawa don ku burge, take yana da mai shi. Za a yi liƙi ko kun so ko ba ku so ba, don ƙanwar wani ba za ta ga yayanta da kalangu ta zauna ba. Ku yanke tun kafin ranar inda kuɗin za su: rabi ga malami, rabi asusu, ko duka ga malami. Mutum ɗaya da ba ya cikin masu kiɗa ya tattara su a ƙwarya, a ƙirga a gaban kowa bayan an sallami baƙi, a rubuta a kaye, sannan a tsayar da ranar zama na gaba kafin a watse.